Ina makamashin ayon yake sauka? Amsa kan sawun ayon da elektiron ɗin da yake fizgowa

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fiziks ne a matakin digiri na biyu, kuma aikin da aka ba ni shi ne in kwaikwayi yadda furoton da ayon na kabon suke zubar da makamashinsu a cikin ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda lissafin Bethe yana ba mu adadin makamashin da ayon yake asara a kowane taku, me ya sa kuma sai an bi sawun elektiron ɗin da ya fizgo? Kuma wane irin samfuri ya kamata in ɗauka?”

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Tambayarka ta rabu biyu, kuma ta biyun ba ta amsuwa sai an gama da ta farko. Idan na fahimce ka, kana tambaya ne ko sanin abin da ayon, wato atom ɗin da ya rasa elektiron ya zama mai caji, ya rasa a tafiyarsa daidai yake da sanin inda abin ya sauka. Ba daidai ba ne, kuma a wannan tazara ce duk wannan fanni ya ginu. Lissafin Bethe yana faɗa maka nawa ya fita daga aljihun ayon, amma bai ce komai ba game da wanda ya karɓa, ko inda ya kai shi ya kashe. Masu karɓar su ne elektiron ɗin da ayon ya fizge daga ƙwayoyin ruwa, waɗanda ake kira elektiron na biyu, kuma su ne suke yin mafi yawan ɓarnar da ake jingina wa ayon.

Abin da lissafin Bethe ya faɗa

Tun a 1904 William Henry Bragg da abokin aikinsa Richard Kleeman, a birnin Adelaide na Ostareliya, suka lura cewa ƙwayar alfa, wato cibiyar atom ɗin hiliyom, tana ƙara yawan ɓarna a cikin iska dab da inda za ta tsaya. Wannan shi ne abin da muke kira ƙololuwar Bragg. Niels Bohr ya kawo bayaninsa na farko a 1913, sannan Hans Bethe ya kafa shi a kan ilimin kwantom a 1930, Felix Bloch ya ƙara gyara a 1933. Ainihin abin da lissafin yake nunawa shi ne, asarar makamashi a kowane tsawo tana tafiya da ninkin cajin ayon a kansa, kuma tana ƙaruwa yayin da gudunsa yake raguwa, domin mai tafiya a hankali ya fi daɗewa kusa da kowace ƙwaya da ya gifta. Furoton mai MeV 200 (eV ma'aunin makamashi ne; keV dubunsa ne, MeV kuma miliyan) yana shiga ruwa yana asarar kimanin keV 0.45 a kowace maikromita, wato kashi ɗaya bisa dubu na milimita, ya yi tafiyar santimita 26, amma a maikromitocinsa na ƙarshe asarar takan haura keV 80. Wannan adadi na makamashi a kowane tsawo shi ake taƙaitawa da LET. A kan wannan hali ne Robert Wilson ya ba da shawara a 1946 cewa a yi amfani da furoton wajen maganin ciwon daji, tunda ana iya saita ƙololuwar ta faɗa a cikin kumburin dajin, naman da ke bayansa ya tsira.

In dai zurfin da ayon zai kai kawai kake nema, wannan ya ishe ka. Matsalar tana farawa ne lokacin da abin da kake son sani ya ƙanƙance ya koma girman tantani, ko girman zaren DNA da faɗinsa bai wuce nanomita 2 ba (nanomita kashi ɗaya ne bisa dubu na maikromita).

Yadda elektiron suke kwashe makamashin

Ka ɗauki babbar mota da ta taho a guje kan hanyar burji. Ita motar ba ta kauce ba, gudunta ma da ƙyar ya ragu, amma tayoyinta suna watsa tsakuwa hagu da dama. Yawancin tsakuwar tana faɗuwa nan gefen hanya, ɗaiɗaiku kuma su yi nisa har su fasa gilashin wani. Haka ayon yake. Furoton ya fi elektiron nauyi sau 1,836, saboda haka karo da elektiron ba ya karkatar da shi, kuma kimanin kashi biyu bisa uku na makamashin da ya rasa yana komawa ne gudun elektiron ɗin da ya fizgo. Sauran yana tafiya wajen kwance su daga ƙwayoyinsu da kuma zuga ƙwayoyin da ba a kai ga fizge musu komai ba.

Abubuwa biyu ne suke tsara wannan watsi. Na farko, yiwuwar a fizgo elektiron mai wani adadin makamashi tana faɗuwa da ninkin adadin a kansa: in ka ninka makamashin sau biyu, yiwuwar ta koma kashi ɗaya bisa huɗu. Shi ya sa mafi yawansu suke fitowa da ƙasa da eV 100, su tsaya cikin 'yan nanomitoci daga inda aka haife su. Na biyu, akwai iyakar abin da elektiron guda zai iya samu a karo ɗaya, kuma wannan iyaka gudun ayon ne kaɗai yake yanke ta, babu ruwanta da cajinsa. Furoton mai MeV 1 ba zai ba elektiron fiye da keV 2.2 ba. Mai MeV 200 yana iya ba shi kusan keV 480, wanda zai ratsa fiye da milimita ɗaya na ruwa. Ayon na kabon mai MeV 400 ga kowane nukiliyon, wato kowane furoton ko niyutiron da ke cibiyarsa, yakan kai MeV 1 da ɗoriya. Waɗannan masu ƙarfi, waɗanda su ma suke da nasu sawun, su ake kira elektiron delta, sunan da J. J. Thomson ya raɗa musu. Kowannensu yana fizgo wasu, waɗancan ma su fizgo wasu, har ya zama kowane MeV guda da aka zubar a ruwa yana haifar da elektiron dubu gommai.

Ga misalin da nake so ka riƙe, domin shi ne amsar tambayarka ta farko. Furoton mai MeV 1 yana da LET na kimanin keV 26 a maikromita. Ƙwayar alfa mai MeV 26, wato MeV 6.5 ga kowane nukiliyon, ita ma LET ɗinta kusan keV 26 ne. A idon lissafin Bethe tagwaye ne. Amma alfar ta fi gudu sosai, saboda haka elektiron ɗinta mafi ƙarfi yana samun kimanin keV 14, na furoton kuwa keV 2.2. Idan ka yi amfani da ƙa'idar Kiefer da Straaten ta 1986, wadda ta ce iyakar nisan da sawu yake kaiwa daga tsakiyarsa, a maikromita, ita ce kimanin 0.062 sau makamashin kowane nukiliyon da aka ɗaga zuwa 1.7, za ka ga sawun furoton ya tsaya a kusan nanomita 60, na alfa kuwa ya kai maikromita 1.5. Makamashi ɗaya ne, amma ɗaya ya dunƙule shi a siririn zare, ɗayan ya baza wani kaso nasa a fili mai faɗi sau ashirin da biyar. Gwaje-gwajen da aka yi a kan tantani sun nuna cewa a irin wannan LET furoton ya fi alfa kisa. Gishiri cokali guda ne, amma wanda ya narke a tukunya dabam yake da wanda ya dunƙule a loma ɗaya.

Dos ma, wato makamashi a kowane nauyi da muke aunawa da Gray, yana ɓoye irin wannan bambanci. Ka ɗauki cibiyar tantani mai faɗin murabba'in maikromita 100. Kafin ta sami Gray 1 daga furoton mai MeV 200, sai kusan sawu 1,400 sun ratsa ta. Daga ayon mai LET na keV 100 kuwa, sawu shida sun isa, kuma da yake rabon na sa'a ne, wata cibiyar za ta sami goma, wata uku, wata ma ɗaya tak.

Samfurin da yake ɗaukar matsakaici

Hanya ta farko ita ce a manta da ɗaiɗaikun elektiron, a tambayi matsakaicin dos a kowane nisa daga tsakiyar sawu. Robert Katz na Jami'ar Nebraska a Amurka, tare da J. J. Butts, su suka buɗe wannan ƙofa a 1967 lokacin da suke neman bayanin yadda manyan ayon suke lalata busassun enzayim da ƙwayoyin bairos. Chatterjee da Schaefer sun zo a 1976 suka raba sawu gida biyu, ƙwarya mai tsananin dos a tsakiya da kuma gefe mai faɗi da elektiron delta suke cikawa. Duk da bambancinsu, sun haɗu a kan abu ɗaya: dos yana faɗuwa da ninkin nisa a kansa. Dalilin ba mai wuya ba ne. Adadin elektiron da suke da ƙarfin kaiwa wani nisa yana raguwa kusan daidai da nisan, sannan waɗanda suka kai suna rabuwa a kan zobe wanda shi ma kewayensa yake girma daidai da nisan. Aunawar da aka yi a Brookhaven cikin shekarun 1970, a iskar gas mai kwaikwayon nama, ta goyi bayan wannan siffa.

Akwai wani sakamako na wannan ƙa'ida da ɗalibai ba su cika lura da shi ba, ni kuwa ina ganin shi ne mafi kyawunta. Makamashin da ya sauka tsakanin nanomita 10 da 100 daidai yake da wanda ya sauka tsakanin nanomita 100 da maikromita 1, haka kuma daga maikromita 1 zuwa 10 in sawun ya kai can. Na taɓa lissafa wa ɗalibaina a allo da ayon na kabon mai LET na keV 100, wanda sawunsa yake kaiwa kimanin maikromita 9: in ka ɗauki ƙwarya mai nanomita 10, dos a cikinta ya kai Gray 3,500, amma a nisan maikromita 1 bai wuce Gray 0.35 ba. A cikin cibiyar tantani guda, wani wuri ya sami ninkin dubbai na abin da ake ba majiyyaci a zama ɗaya, wani wurin kuma bai sami ko kwatankwacinsa ba.

Wannan hanya ba a takarda ta tsaya ba. A cibiyar GSI da ke Darmstadt a Jamus, Michael Scholz da Gerhard Kraft sun gina samfurin LEM a kanta, bisa zaton cewa ɓarnar da ƙaramin wuri ya samu ta dogara ne ga dos ɗin wannan wurin kawai, ko daga ayon ya zo ko daga hasken X. Da shi aka tsara jinyar fiye da mutum 400 da ayon na kabon tsakanin 1997 da 2008, kafin aikin ya koma Heidelberg a 2009. A Chiba ta ƙasar Japan, inda aka fara jinya da kabon tun 1994, an bi wata hanyar, daga baya aka ɗauki gyararren samfurin MKM na Roland Hawkins, wanda shi ma yake lissafa ɓarnar tantani daga makamashin da ya sauka a ƙananan wurare. Abin da ya biyo baya shi ne, adadin dos ɗin da likitan Japan ya rubuta ba a ɗaukarsa kai tsaye a kai asibitin Turai sai an juya shi, domin samfuran biyu ba su fassara sawu ɗaya iri ɗaya ba. Duk wanda yake ganin zaɓen samfuri ƙaramin abu ne, ya dubi wannan.

Rauninta a bayyane yake. Matsakaici yana nufin wani abu ne idan akwai abubuwa da yawa da za a raba. A bakin sawu, inda elektiron guda ne zai gifta ko ba zai gifta ba, cewa “Gray 0.01” ba ta siffanta abin da ya sami kowane zaren DNA ba: yawancinsu ba abin da ya taɓa su, ɗaya kuma ya sha karo uku a jere.

Samfurin da yake bin kowane karo

Hanya ta biyu ita ce Monte Carlo, wadda ta samo asali daga aikin Stanislaw Ulam da John von Neumann a Los Alamos cikin shekarun 1940. Kwamfuta tana jefa ƙuri'a: nisan da ƙwaya za ta yi kafin karo na gaba, irin karon, makamashin da za ta rasa, da kusurwar da za ta karkata, duk ana zabo su bisa yiwuwar da aka auna ko aka lissafa. Amma a nan ma akwai gida biyu, kuma rashin bambance su shi ne kuskuren da na fi gani. Martin Berger ya kawo dabarar dunƙule tarihi a 1963, inda ake haɗa dubban ƙananan karo a taku ɗaya, a zubar da makamashinsu nan take. Da ita manyan manhajoji irin su Geant4 suke aiki a yanayinsu na yau da kullum, kuma ta dace da ma'aunin milimita. Gida na biyu shi ne bin tsarin sawu, karo bayan karo, har elektiron ya sauko zuwa kimanin eV 10. A nan ne ake samun manhajoji irin su Geant4-DNA, da TOPAS-nBio da aka ɗora a kansa, da PARTRAC, KURBUC, TRAX na GSI, da RITRACKS na hukumar NASA, wadda damuwarta ita ce ayon na ƙarfe da 'yan sama jannati suke gamuwa da su a sararin samaniya.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini zane yana murna, ya ce ya gano cewa kusan duk makamashin kabon a tsakiyar sawu yake sauka, gefen kuwa fayau. Muka buɗe fayil ɗin saitinsa tare, sai ga iyakar haihuwar elektiron tana nan a milimita 0.7, yadda Geant4 yake zuwa da ita. Ma'ana, duk elektiron ɗin da ba zai iya tafiyar milimita 0.7 ba, manhajar ba ta haife shi ba sam, ta zuba makamashinsa a kan hanyar ayon. Shi kuwa yana auna zobba masu kaurin nanomita 5. Lissafin bai yi ƙarya ba, tambayar da aka yi masa ce ya amsa. Wani abin da na sha gani shi ne a ɗauki guntun sawu mai tsawon maikromita 1 alhali elektiron delta suna tafiyar maikromita 10 zuwa gaba: waɗanda aka haifa a ciki su fice, waɗanda ya kamata su shigo daga baya kuma babu su, sai gefen sawun ya rame. Maganinsa shi ne ka tsawaita sawun ya wuce wurin aunawa ta gaba da ta baya, ko ka sa wanda ya fita ta wannan baki ya dawo ta wancan. Shi ya sa ba na karɓar zanen kowa sai ya tara makamashin duk zobban ya nuna mini cewa jimillar ta koma LET ɗin da aka sani.

Bin kowane karo yana da tsada. Furoton guda mai MeV 200 yana haifar da miliyoyin karo kafin ya tsaya, saboda haka ba wanda yake bin dukan hasken jinya ta wannan hanya. Abin da ake yi shi ne a yi amfani da dunƙulallen tarihi a kai ƙwayoyin zurfin da ake so, a rubuta irinsu da makamashinsu a can, har da gutsattsarin da kabon yake fashewa ya bari in ya yi karo da cibiyar atom, sannan a sake su a cikin ƙaramin akwati mai 'yan maikromitoci a bi su dalla-dalla.

Inda ƙasar take da laushi

Dole in gaya maka inda ilimin kansa bai gama ƙwari ba, domin kada kyawun hotunan sawu ya ruɗe ka. Ba a iya harba elektiron marar ƙarfi a cikin ruwa mai gudana a auna karonsa ɗaya bayan ɗaya yadda ake yi a gas. Saboda haka yiwuwar karo a ruwa ana ciro ta ne daga yadda ruwan yake amsa haske, musamman aunawar Heller da abokansa ta 1974 da ta Hayashi da abokansa ta 2000, sannan a faɗaɗa ta da nazari; na ƙasa-ƙasa kuma ana aro su daga gwajin ƙanƙara na Michaud da Sanche. Sama da keV 1 manhajojin suna yarda da juna sosai, amma ƙasa da eV 100 sukan saɓa ƙwarai, kuma a can ne mafi yawan elektiron suke. Ko adadin da lissafin Bethe kansa ya dogara a kai, wato matsakaicin makamashin zuga ruwa, ICRU, hukumar duniya mai tsara ma'aunan irin waɗannan haskoki, ta ɗaga shi daga eV 75 zuwa eV 78 a rahotonta na 90 a 2016, kuma wannan kaɗai yana gusar da ƙololuwar Bragg ta furoton mai zurfi da kimanin milimita ɗaya.

Akwai kuma matsala ta asali. A ilimin kwantom elektiron yana kuma tafiya kamar igiyar ruwa, kuma mai eV 10 tsawon zangon igiyarsa kusan nanomita 0.4 ne, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ruwa kuwa kusan nanomita 0.3 ce. A wannan hali, ɗaukarsa a matsayin tsakuwa mai hanya guda da take karo da ƙwaya ɗaya a lokaci ɗaya zato ne da muke yi don aiki ya yiwu. Kuma ba za a ce a yi watsi da su ba, domin a 2000 rukunin Léon Sanche a Sherbrooke ta Kanada ya nuna cewa elektiron masu eV 3 zuwa 20 suna iya tsinka DNA, har da waɗanda ba su da ƙarfin fizge wani elektiron, ta hanyar maƙalewa a jikin ƙwayar na ɗan lokaci har ta tsage.

Bayan haka, fiziks yana gama aikinsa ne cikin kimanin kashi ɗaya bisa miliyan biliyan na daƙiƙa. Daga nan sinadarai suke karɓa: ruwan da aka fasa yana haifar da gutsuren OH, wato oksijin da haidurojin guda-guda a haɗe, da elektiron mai lulluɓe da ruwa, su yi yawo su yi ta haɗuwa har zuwa kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Abin da ya fi wahalar da tantani shi ne raunuka biyu ko fiye su taru a cikin murɗa ɗaya ko biyu ta zaren DNA, wato 'yan nanomitoci. Daga wannan mataki zuwa mutuwar tantani ko gyaruwarsa, aikin masana ilimin halitta ne, kuma ni iyakata lissafin sawu. Duk adadin tsinkewar DNA da manhaja ta ba ka, akwai ma'aunai a ciki da aka daidaita da gwaji, ba daga tushe aka ciro su ba.

Abin da zan ba ka shawara

Girman abin da kake tambaya a kai shi zai zaɓa maka samfuri. In milimita ce, dunƙulallen tarihi. In maikromita ce kuma kana son sauri ko kwatanta ayon da yawa, samfurin matsakaicin dos. In nanomita ce, sai bin kowane karo. Ga aikin digiri na biyu, ni zan so ka haɗa biyun ƙarshe, domin kowanne yana tona asirin ɗan'uwansa. Geant4 kyauta ne, kuma guntun sawu ba ya fin ƙarfin kwamfutar cinya.

Ka fara da tagwayen nan, furoton mai MeV 1 da alfa mai MeV 26, a cikin ruwa. Ka tsara zobba da kaurinsu yake ninkuwa daga nanomita 1 zuwa maikromita 5, ka tabbatar jimillar ta dawo kusa da keV 26 a maikromita, sannan ka ɗora ƙa'idar Kiefer a kan zane ɗaya ka ga inda suka rabu. Bayan nan ka ƙirga sau nawa karo biyu ko fiye suke faɗawa cikin silinda mai faɗin nanomita 2.3 da tsawon 3.4, wato kwatankwacin murɗa guda ta DNA, ka maimaita da zaɓuɓɓukan fiziks biyu daban na Geant4-DNA, ka rubuta tazarar da ke tsakaninsu a matsayin wani ɓangare na sakamakonka. In wannan ya tsaya da ƙafarsa, sai ka shigo da kabon, kana tuna cewa dab da ƙarshen tafiyarsa yana ɗaukar elektiron a jikinsa, cajinsa ya ragu daga 6, saboda haka dole ka duba yadda manhajar take lissafa cajin da ya rage masa kafin ka yarda da abin da ta nuna a ƙololuwar.